Ranar da Gawayi Ya Kwanta

Tun kafin Kuang ya ƙarasa bakin tafkin ya ji a jikinsa cewa yau wani abu zai lalace. Ruwan ne ya fara gaya masa. Kullum garau yake, har ana hango duwatsun da ke ƙasa, amma da safiyar nan ya yi kauri kamar ruwan wankin shinkafa, ga wani ɗan wari yana tashi daga cikinsa. Ya tsuguna da gwangwanin abincin kifi a hannu, ya shiga ƙirga kamar yadda ya saba.

Jajayen nan takwas duk sun taso saman ruwa suna hangame baki. Na taran ne bai gani ba. Sai da ya sa hannu ya ture ganyen bado sannan ya hango shi a kusurwa, kwance a gefe ɗaya, bakinsa na buɗewa a hankali yana rufewa.

Kifin ado tara, irin da ake kira koi, mahaifin Kuang ya bari a wannan ɗan tafkin siminti na tsakar gida, kuma tara suke har yau, don in ɗaya ya mutu sai a sayo madadinsa. Takwas ja da ruwan zinariya, su ne masu jawo arziki. Ɗaya baƙi, shi ne mai tare wa gida masifa. Wannan baƙin Kuang ya sayo shi ne ranar da ya kai 'yarsa Peiling aji ɗaya, yana ɗan mitsitsi kamar yatsa, ita kuma ta raɗa masa suna Gawayi. Yanzu ya fi kamu guda tsawo. Peiling kuwa yau za ta fara jarrabawar shiga jami'a, wadda saboda ita gidan ya shekara ba a kunna talabijin, ba a rufe ƙofa da ƙarfi.

Kuang ya jawo ganyen ya rufe kifin.

"Baban Peiling, zo ka ja mini zif ɗin nan," matarsa Shufen ta kira daga ɗaki.

Ya same ta tana kokawa da jar rigar nan mai tsaga a gefe, wadda iyaye mata ke sawa ranar jarrabawa. Tun bara ta saya, tun bara kuma take cewa za ta rage cin gasasshiyar agwagwa.

"Riƙe numfashi," ya ce.

"Tun jiya nake riƙe da shi. Me ya sami fuskarka? Kamar wanda ƙaya ta maƙale wa a wuya."

"Zafi ne."

"Zafi da sassafe? Ka saki fuskar nan. In yarinyar nan ta gan ka haka, duk abin da ta haddace zubewa zai yi."

Abin da yake tsoro ke nan. Ya ja zif ɗin har sama, ya ƙuduri niyyar cewa ko me zai faru, Peiling ba za ta leƙa tafkin nan ba yau.

A falo Peiling na shan kunun shinkafa da dafaffen ƙwai. Kaka, mahaifiyar Kuang, tana tsaye gaban hoton marigayi mijinta da tsinken turare a hannu, tana gaya masa sunan makarantar da lambar ɗakin jarrabawa, don a cewarta tun yana raye ba ya gane hanya. Peiling ta ajiye cokali ta nufi ƙofar tsakar gida. Al'adarta ce tun tana ƙarama, ba ta fita makaranta sai ta taɓa ruwan tafkin. Kuang ya yi wuf ya tsaya a bakin ƙofar.

"Ina za ki?"

"Zan yi wa mutanena sallama."

"Na yi musu a madadinki. Sun ce a gaishe ki. Lokaci ya ƙure."

Peiling ta dubi agogon bango, ta dube shi. "Baba, ko mai gadin makarantar bai tashi ba."

"Hanya za ta cushe."

Ta ɗauki 'yar jakarta ta alƙaluma ta wuce gaba.

Shi ya goya ta a babur ɗinsa mai caji. Shufen ta bi motar maƙwabta, don rigar ba ta hawa babur. Garin Shunde ya yi tsit kamar ba safiyar aiki ba. 'Yan sanda sun tare titin makarantar, sun hana hon, masu gini ma an sa su ajiye guduma. A bakin ƙofa iyaye sun yi cincirindo, ja ko'ina, sama kuma an rataya ƙyalle mai hoton kifi ya daka tsalle bisa ruwa.

Kuang ya kashe babur ya yi gyaran murya. Shi bai yi nisa a karatu ba. Tun yana saurayi ya shiga gyaran fanka da tukunyar lantarki, a nan kuma ya tsufa. Ba shi da abin da zai gaya mata game da abin da ke bayan ƙofar nan, sai labari ɗaya da ya iya.

"Kin san kifin nan da ya haura Rawayen Kogi…"

"Ya sha bugu a duwatsu, ya tsallake Ƙofar Dodo, ya rikiɗe ya zama dodon sama mai kawo ruwa. Baba, tun ina aji ɗaya kake tsallakar da kifin nan. Ka bar shi ya huta."

"To ki karanta kowace tambaya sau biyu."

"Sau uku ma."

"A'a, kada ki yi uku, lokaci zai tafi."

Ta yi dariya, ta gyara masa wuyan jar rigar da Shufen ta tilasta masa sawa, ta shige cikin ɗalibai. Bai bar wurin ba sai da ya daina hango ƙeyarta. Sannan ya ce wa matarsa zai koma ya duba miya, ya bar ta cikin 'yan uwanta mata ƙarƙashin lema.

Da ya shiga gida ya tarar da Kaka zaune a 'yar kujera bakin tafkin, tana fifita. An ture ganyen badon gefe.

"Ka ɗauka ganye zai ɓoye mini?" ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ina kallon tafkin nan tun ba ka yi haƙori ba."

"Mama, zan kira Kawu Tam."

"Kira shi ya sha shayi. Kifin dai kada wanda ya taɓa shi."

Kuang ya tsaya da waya a hannu. "Mutuwa fa zai yi."

"Aikinsa yake yi. Shekara nawa yana cin abincin gidan nan? Ai don rana irin ta yau aka ajiye shi. Wani abu ya nufo yarinyar nan, shi kuma ya tare. In ka ɗaga shi, abin ina zai tafi? Komawa zai yi ya nemi mai shi." Ta nuna hoton da ke falo da mafici. "Shekarar da babanka ya faɗo daga rufin masana'anta, da safe baƙin da muke da shi ya mutu. Da rana aka kawo babanka, hannu kawai ya karye. Wanda suka faɗo tare bai ƙara takawa ba. Ka manta?"

Bai manta ba. Shi ya binne wancan kifin a gindin lemo. Ya zauna a bakin siminti, kansa ya ɗaure. Tun safe yake tsoron kada kifin ya mutu. Yanzu an ce masa rayuwar kifin ce abin tsoro.

Duk da haka ya kira.

Kawu Tam, tsohon da ke sayar da kifi a kasuwar furanni da tsuntsaye, shi ya sayar wa mahaifin Kuang kifayen farko. Ya iso a kekensa mai ƙafa uku, singileti a jiki, da leda cike da ruwa a rataye. Ya gaida Kaka, ya sunkuya ya shinshina tafkin, ya yatsine fuska.

"Wa ke ba su abinci?"

"Ni," in ji Kuang. "Sau ɗaya a rana." Ya sosa ƙeya. "Kwanan nan dai sau biyu. Wani lokaci in na dawo daga shago hankalina bai kwanta ba, nakan ƙara kaɗan."

Kawu Tam ya zura hannu har kafaɗa, ya dafo ƙasan tafkin, ya fito da damƙin wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa. Warin ya sa Kuang ya kau da kai.

"Wannan ba aikin hannu ɗaya ba ne." Tsohon ya murza abin a yatsa, ya ɗaga wani ɓarɓashi rawaya. "Wannan kuma fa? Ban taɓa sayar da irinsa ba."

Maficin Kaka ya ƙara sauri. Ta shiga kallon bishiyar lemo kamar yau ta fara ganinta.

"Yaya," in ji Kawu Tam yana duban Kaka.

"Gwaiduwar ƙwai ce," ta ce. "Tana buɗe ƙwaƙwalwa."

"Ta kifin ko ta yarinyar?"

"Ina ruwanka? Bayan na kunna turare nake ba su, ɗan kaɗan. Su ne masu tsallake, ba sai da ƙarfi za su yi ba?"

Kuang ya dubi mahaifiyarsa, sai wani zargi ya ɗarsu a ransa. Ya kira Shufen ya sa wayar a fili kowa na ji. Da farko ta ce me ya haɗa ta da kifi. Da ta ji muryar Kawu Tam sai ta sauko. Sau ɗaya ne kawai, in ji ta, in ta dawo daga aiki. Da kuma in ta tuna da jarrabawar. Da kuma ranar da sakamakon gwajin Peiling bai yi kyau ba, ran nan kam ta ɗan cika hannu.

Kawu Tam ya yi dariya har da tari. "Duk shekara haka nake fama da ku. Watan jarrabawa ya fi mini Sabuwar Shekara ciniki. Uba ya watsa, uwa ta watsa, kaka ta bi da ƙwai, kowa a ɓoye, kowa yana ganin shi kaɗai ke taimakon yaro. Abincin ya nutse ya ruɓe, ga zafin bazara, ruwa ya mutu." Ya wanke hannu a famfo. "Jajayen nan ba komai. Ka zubar da rabin ruwan, ka kwashe dattin ƙasa, a hana su abinci, gobe za ka ga suna wasa. Baƙin ne babba, shi ya fi su ci, shi ya fi jin jiki. Sai an fito da shi cikin baho, a sa gishiri, mai tsakuwa fa, ba na miya ba, a kunna masa injin iska, wani ya riƙe shi a tsaye ruwa na shiga bakinsa. In an yi haka, wataƙila. In ba a yi ba, ba zai ga yamma ba."

"Kawu," Kuang ya rage murya, "to abincin ne, ko kuwa…"

"Ni abinci na gani a ƙasan ruwa. Abin da ya wuce nan, ga Yaya nan ka tambaye ta."

"Ai masifa ba daga sama take faɗowa ba," in ji Kaka. "Sai ta nemi hanya. Wannan karon ta abinci ta biyo."

Kawu Tam ya ɗaga kafaɗa. Ya kwanto ledar da ke rataye a kekensa. Wani baƙin koi ne a ciki, matashi, sumul, yana juyi. "Ga mai sauƙi. Ka bar wancan ya gama aikinsa, ka jefa wannan. Tara sun cika, Yaya ta huta, yarinya ba ta san an yi ba."

Kuang ya dubi na leda, ya dubi na tafki. A jelar Gawayi akwai tsaga, inda kyanwar maƙwabta ta taɓa kai masa farmaki. Peiling ce ta kori kyanwar da takalmin makaranta, ta yi kuka har ta ƙi cin abinci.

"Za ta gane," ya ce.

"To zan ajiye maka shi," in ji tsohon, ya hau kekensa.

Canjin ruwa kam Kaka ba ta hana ba, tunda ba wanda ya ce jajayen su mutu. Kuang ya naɗe wando ya shiga kwasa da bokiti yana zubawa a gindin lemo, yana yashe dattin ƙasa da faranti. Duk lokacin da ya zo kusurwar nan sai ya kewaye. Idon Gawayi ɗaya ne a sama, zagayayye, ba ya ƙiftawa, kuma duk inda Kuang ya juya sai ya ga kamar shi yake kallo. Kifin nan a tafin hannunsa yake cin abinci. In ya dawo daga shago a gajiye ya zura hannu, Gawayi ne ke fara zuwa ya tsotsi yatsansa. Ya ɗauko baho ya ajiye kusa. Ya mayar. Ya sake ɗaukowa. Sai ya tuna da hannun mahaifinsa a ɗaure da karare, ya tuna da mutumin da bai ƙara takawa ba, ya bar bahon a kife.

A haka rana ta take. Ya juye farfesun kaza a kula, ya haɗa da shinkafa da ganye, ya koma makaranta.

Suka zauna su uku a benci ƙarƙashin wata cediya. Shufen ta riga ta ja masa kunne da ido cewa kada ya kuskura ya ta da zancen kifi. Peiling ta ce takardar safe ba laifi, ta rubuta abin da ya sawwaƙa, hannunta ne kawai ya sage. Ta sha romo, ta ci cinya, ta sake shan romo. Kuang yana ta tura mata ganye yana murmushin da ya fara sa kumatunsa ciwo. Can ta ɗago ta shinshina iska.

"Baba, kana warin tafki."

"Famfo na gyara."

Ta dubi ƙafar wandonsa da ke jiƙe. Ta ajiye tsinkayen cin abinci a bakin kwano.

"Ya mutu?"

Shufen ta rufe ido. Kuang ya yi kamar bai gane ba.

"Wa?"

"Haba Baba. Tun gari bai gama wayewa ba na gan shi. Kullum kafin in buɗe littafi nakan fita in watsa musu ɗan kaɗan."

"Ke ma?"

"Ni ma? Da wa?"

Uban ya dubi kula. Uwar ta dubi takalminta. Peiling ta dubi wannan, ta dubi wancan, da aka kai ga labarin Kaka da gwaiduwar ƙwai kuwa dariya ta ci ƙarfinta har sai da Shufen ta bubbuga mata baya, iyayen da ke bencin kusa suna harararsu.

"Shiru na yi don kada hankalinka ya tashi," ta ce tana share ido. "Na san ka. Da na faɗa, da ka zuba mu a kwata kafin mu iso. To yana da rai?"

"Yana da rai."

"Me Kawu Tam ya ce?"

Ya gaya mata. Sannan, duk da takun da Shufen ta yi masa a ƙafa, ya gaya mata abin da Kaka ta ce. Dariyar ta bar fuskar Peiling. Ta shiga juya cokali.

"Wato mu huɗu muka ɗura masa abinci har ya kwanta, yanzu kuma mu ce saboda ni zai mutu."

"Ba haka Kaka take nufi ba."

"Na san abin da take nufi. Amma Baba, tun ina aji ɗaya nake zaune a kujerar karatu har ta lotsa. In na ci, ina so a ce ni ce. In Gawayi ya mutu na ci, Kaka za ta yi ta ba da labarin har ranar bikina, sunana ko fitowa ba zai yi ba."

Shufen ta tuntsire, ta yi sauri ta dafe gefen rigarta.

Kuang bai yi dariya ba. "In kuma abin ya dawo kanki fa?"

"Lissafi ne da yamma. Duk abin da zai same ni an riga an buga shi a takarda an kulle. Gawayi ba zai canja tambaya ba." Ta sa hannu a gwiwarsa. A yatsanta na tsakiya akwai kanta, inda alƙalami ke zama. "Ka je ka ɗaga shi. In ba haka ba, zan zauna ina lissafi ina tunanin kifi."

Ya daɗe yana kallon kantar nan. Tun ranar da aka haife ta yake neman wanda zai ɗauke mata wani abu, ko malami, ko turare, ko kifi, tunda shi bai iya ba. Ya rufe kular, ya miƙe.

"Sau biyu," ya ce.

"Sau biyu, Baba."

Kaka na nan inda ya bar ta. Gawayi ma yana nan, sai dai bakin ya ƙara jinkiri.

"Mama, zan ɗaga shi."

"Tambayata kake ko gaya mini kake?"

"Gaya miki nake. Peiling ta sani. Ita ta ce."

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta tashi ta shige ɗaki. Kuang ya birkice bahon ya tara ruwa. Ya jawo wayar lantarki daga falo ya haɗa injin iska, kumfa ta fara tashi. Ya sa hannu biyu a ƙarƙashin kifin ya ɗago shi. Bai san ya yi nauyi haka ba. Ko motsi Gawayi bai yi ba.

Sai da ya sa shi a baho ya tuna da gishiri. Na miya kawai ya san inda yake. Yana tsugune yana tunanin ko ya saki kifin ya ruga kanti, sai ya ji an dire wani abu kusa da ƙafarsa. Tsohuwar tukunyar ƙasa ce, cike da gishiri mai tsakuwa.

"Na babanka ne," in ji Kaka. "Damƙi ɗaya ya isa, kada ka yi masa irin ta abinci."

Daga falo ƙamshin sabon turare na fitowa.

"Na gaya masa," ta ce tana komawa kujerarta. "Na ce ɗanka ya ƙi jin magana, jikarka ta fi shi taurin kai. In abin ya dawo, ka tare da kanka, tunda ba aikin da kake yi a can sai shaƙar turare."

Kuang ya barbaɗa gishirin. Ya tallafi kifin da tafukansa biyu, ya tsayar da shi, ya fuskantar da bakinsa wajen kumfa.

Haka ya wuni. A can makaranta an raba takardun lissafi, shi yana nan tsugune. Da a bakin ƙofar makarantar yake, da ya yi ta safa da marwa yana duba agogo har Shufen ta kore shi. A nan kuwa ba halin motsi. In ya saki, kifin ya kife. Ƙafarsa ta yi sanyi, ta mutu, ta farfaɗo. Ƙarƙashin yatsunsa yana jin wani ɗan motsi, buɗe, rufe, buɗe, rufe, har ya ga numfashinsa ya bi wannan tafiyar. Hadari ya haɗo daga wajen kogi, aka ɗan yayyafa, Kaka ta jawo kujerarta kusa ta buɗe musu lema su uku. Ta ba shi labarin yadda babansa ya haƙa tafkin nan a karkace, suka yi sati ba sa magana. A cikin sabon ruwa jajayen sun koma ƙasa suna zagaye a hankali, ja na bin zinariya. Can Kuang ya lura cewa ya daɗe bai tuna da agogo ba.

Rana ta yi sanyi aka turo ƙofa. Shufen ce a gaba, ta ɗaura gyale a ƙugu inda ɗinkin rigar ya ba da kai. Peiling na biye.

"Yaya?" uba da 'ya suka faɗa tare.

"Ke fara," in ji Kuang.

"Tambayar ƙarshe ban gama ba."

Maficin Kaka ya tsaya cak.

"Ba wanda ya gama a ɗakinmu, Kaka. Wani ma kuka ya fito yana yi. Sauran dai na yi abin da na iya." Ta ajiye jaka ta durƙusa bakin bahon. "Kawo in karɓe ka."

Ta zura hannuwanta ƙarƙashin nasa. Kuang ya zare a hankali. Yatsunsa sun yi fari sun yamutse, bayansa ya ƙi miƙewa. Peiling ta sunkuya tana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa, tana ce masa acici, wanda bai san a ƙoshi ba. Sannan ta ɗan buɗe tafukanta.

Gawayi ya tsaya da kansa. Ya kaɗa tsagaggiyar jelar sau ɗaya, ya sake kaɗawa. Sai ya fara karkata, Peiling ta tare shi.

"Ɗazu ko wannan ba ya yi," in ji Kuang.

Shufen ta ɗauki gwangwanin abincin kifi daga bakin tafki, ta naɗe murfin da salatif, ta ɗora shi can saman kabad. "Duk wanda hannunsa ya yi ƙaiƙayi," ta ce, "ya zo ya ba ni. Ni ce ban ci komai ba tun jiya saboda rigar nan."

A tsakar gida suka ci abinci, kwano a cinya, ana karɓa-karɓar riƙon kifi. Kaka ma ta karɓa, tana cewa ita dai hannunta take sanyayawa. Da aka gama Peiling ta wanke hannu ta shiga ɗaki wajen littattafan gobe, Kuang ya koma ya tsuguna a gurbinsa.

Gobe akwai wata takardar, jibi ma haka, sakamako kuma sai ƙarshen wata. Kawu Tam ya bugo waya ya ji yadda ake ciki, ya ce ko Gawayi zai kai safe, shi bai sani ba. Ko Peiling ta tsallake, wannan ma ba wanda ya sani tukuna.